Raya Matacciyar Ƙasa: Nasiha ga Matasa daga Hamadar Masar

Ya ku 'ya'yana da ƙannena, samari da 'yan mata masu neman ilmi, akwai wani babi a cikin littattafan fiƙihu wanda almajirai suka saba wucewa a gurguje, domin yana can wajen ƙarshen littafi, bayan an gama hukunce-hukuncen tsarki da salla da azumi da aure da ciniki, lokacin da mai karatu ya fara hangen sauka, malami kuma ya ga ba a cika zuwa masa da fatawa a kansa ba. Wannan babi shi ne na ihya'ul mawati, wato raya matacciyar ƙasa wadda ba ta da mai ita, ba a kuwa amfana da ita. Malamanmu na mazhabar Malikiyya sun tsaya sun ƙididdige ayyukan da idan mutum ya yi su a irin wannan ƙasa ta zama tasa: ya fito da ruwa a cikinta ta hanyar haƙa rijiya ko buɗe idon ruwa, ko ya janye ruwan da ya shafe ta, ko ya yi gini, ko ya dasa itatuwa, ko ya yi huɗa ya motsa ƙasar, ko ya sare sarƙaƙiyar da ta rufe ta, ko ya farfasa duwatsunta ya daidaita ta. Suka ce kewaye ta da shinge kaɗai bai isa ba, kiwon dabba a kanta ma bai isa ba. Suka ce idan tana kusa da gari sai da izinin shugaba, idan tana nesa babu buƙatar izini. Sa'an nan suka ƙara wani hukunci mai nauyi, cewa wanda ya raya ƙasa, ya yi sakaci da ita har ta koma yadda take, zamani ya yi tsawo, wani ya zo ya sake raya ta, to, ta zama ta na biyun. A kan wannan fahimta ce Sayyidina Umar, Allah ya yarda da shi, ya karɓe daga hannun Bilal ɗan Harisu abin da ya kasa nomawa na kwarin Aƙiƙ, ko da yake Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shi ne ya yanka masa wurin.

Abin da ya sa na tuno muku da wannan babi shi ne Allah ya nufe ni da ziyartar wani wuri a ƙasar Masar inda aka aikata shi da hannu da gumi, wurin da ake kira Sekem, a bakin hamada kusa da garin Bilbes, cikin lardin Sharƙiyya, tafiyar kilomita 60 arewa maso gabas da Alƙahira. Masu karatun tarihi sun san Bilbes, domin Amru ɗan Asi ya tsaya a kansa da rundunarsa a shekarar 640 ta Miladiyya a kan hanyarsa ta buɗe Masar. Amma filin da nake ba ku labari ba shi da wani tarihi kafin shekarar 1977, rairayi ne da tsakuwa, sai Larabawan ƙauye makiyaya da kan ratsa shi da awakinsu. Wanda ya saye shi, Dakta Ibrahim Abul Aish, an haife shi a garin Mashtul a 1937, ya bar gida yana ɗan shekara 19 ya tafi birnin Graz na ƙasar Ostiriya, ya karanta ilmin sinadarai da na haɗa magunguna har ya kai matsayin dakta, ya sami aiki babba da gida da iyali da rufin asiri irin wanda yawancin matasanmu na yau suke mafarkinsa. Sai a 1975 ya kawo iyalinsa ganin gida, ya ga talauci da jahilci da ƙazanta, ya ga manoma sun dogara ga takin kanti da maganin ƙwari tun da madatsar ruwa ta Aswan ta tsare laka mai albarka wadda kogin Nilu yake shimfiɗa wa gonaki kowace shekara, abin ya tsaya masa a rai har ya kasa komawa ga jin daɗinsa na dā. Bayan shekara biyu ya tattara ya dawo, ya ƙi sayen gona a cikin kwarin Nilu inda ƙasa take baƙa mai taushi, ya je ya sayi hekta 70 na hamada.

Ku lura da abin da ya fara yi, domin a nan ne nasihata take. Rijiya ya fara haƙawa, sa'an nan ya dasa itatuwa sama da 100,000 a kan iyakokin filin da gefen hanyoyinsa, kazwarina da itacen turare da wani ɗan'uwan darbejiya, don su tare iska su yi inuwa su kira tsuntsaye, alhali ya san ba zai ci 'ya'yansu ba, ya kuma san shekaru za su wuce kafin a zauna a ƙarƙashinsu. Bayan wannan ya kawo dabbobi, ba don nono ko nama kaɗai ba, har don kashinsu, saboda rairayi ba ya riƙe ruwa kuma ba ya ciyar da saiwa sai an sa masa rai, ran kuwa daga taki yake fitowa. Na tsaya a wurin da suke haɗa takin nan fiye da yadda na tsaya a ko'ina a cikin gonar. Sukan tara kashin shanu da tattaka da ganyaye da dukan tarkacen gona, su jera su dogayen kunyoyi, su yayyafa ruwa, su riƙa juyawa don iska ta shiga. Cikin tarin yakan ɗauki zafi har mutum ya kasa barin hannunsa a ciki, zafin ya kashe irin ciyawa da cututtuka, bayan makonni wari ya tafi, abin ya koma baƙar ƙasa mai laushi mai ƙanshi, cike da ƙananan halittu waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita, waɗanda yawansu a cikin tafin hannu guda ya wuce yawan mutanen babban birni. Wannan ake ɗiba a zuba a kan rairayi, bana a zuba, baɗi a zuba, har launin ƙasar ya soma juyawa, ta fara riƙe ruwa, ta karɓi ganyen babunaj da na'ana'a da yansun da zoɓo, sa'an nan kayan lambu da alkama da auduga.

A gaban tarin takin nan ne na fahimci abin da ya sa Alƙur'ani mai girma ya yawaita kafa hujja a kan tashin ƙiyama da ƙasar da ta mutu sa'an nan aka raya ta. Mu da muka tashi a inda damina take zuwa da kanta kowace shekara, mun saba da wannan aya har ta daina girgiza mu. Amma a wurin da ruwan sama ba ya sauka sai ɗan yayyafi a lokacin sanyi, inda kowane ganye kore yake da tarihin wanda ya shayar da shi, a nan mutum yake gani ƙuru-ƙuru cewa Mai fitar da rayayye daga matacce yana yin haka ne ta hanyar mafi ƙasƙancin abubuwa, abin da mutum yake toshe hanci idan ya wuce shi, kuma Ya damƙa sababin a hannun bawa, Ya riƙe sakamakon a hannunsa. Manomi ba ya halittar ko da ƙwayar halitta guda daga cikin waɗanda suke dafa takin, ba ya umartar saiwa ta tsaga ƙasa, iyakarsa ya tara, ya jiƙa, ya juya, ya jira. Amma da ya ce tun da Allah ne mai rayawa bari ya naɗe hannu, da rairayin nan yana nan rairayi har yau. Wannan shi ne tawakkali na gaskiya kamar yadda malaman tauhidi suka bayyana shi, riƙo da sababi da gaɓoɓi tare da dogaro ga Musabbabi da zuciya, kuma ban taɓa ganin an zana shi a fili kamar yadda na gan shi a hannun leburori masu juya taki da safe ba.

Zukatanku ma haka suke, ya ku matasa, kuma malaman tarbiyya sun daɗe da faɗin haka. Da yawa daga cikinku kuna zuwa wa'azi kuna neman kalma guda wadda za ta juya rayuwarku cikin dare ɗaya, idan kuka ji zuciya ta motsa kuka yi hawaye sai ku ɗauka an gama, idan kuma bayan mako guda kuka tarar da kanku inda kuke sai ku yanke ƙauna ku ce ba ku da rabo. Alhali busasshiyar zuciya ba ta riƙe wa'azi komai yawansa, yana ratsa ta ya wuce, har sai an yi mata hidima ta yau da gobe da ƙananan ayyuka waɗanda ba a yabon mutum a kansu: tashi sallar asuba a kan lokaci, da cika alkawarin da ba mai tuhumarka idan ka saɓa, da kame harshe daga giba a majalisa, da hidimar mahaifiya ba tare da tsaki ba, da gama aikin da aka ba ka ko mai shi ba ya nan. Har ma kurakuranku da nadamarku, idan kuka tara su a gaban Ubangiji da tuba na gaskiya maimakon ku ɓoye su ko ku yi alfahari da su, suna iya zama abin da zai tausasa zuciyar ya sa ta karɓi alheri. Kuma hadisi ya tabbata cewa aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne.

Sai dai Sekem ba gona ce kaɗai ba, kuma abin da ya fi ba baƙo mamaki a cikinta shi ne matsayin da aka ba kyawu da fasaha. Gine-ginenta farare ne masu tsabta, an kewaye su da furanni, akwai masallaci, akwai dandalin wasan kwaikwayo a fili mai matattakala, akwai ɗakunan zane da sassaƙa da saƙa da kiɗa. Makarantarsu, wadda aka buɗe a 1989, tana koya wa 'ya'yan manoma riƙe alƙalamin zane da launuka kamar yadda take koya musu lissafi da Larabci, kuma ma'aikatan masana'antunsu, masu ƙulla ganyen shayi da masu ɗinka tufafin auduga, akan ware musu sa'o'i daga cikin lokacin aiki, ana biyansu, don su zauna su koyi zane ko waƙa ko karatu. Jami'ar Heliyofolis da suka buɗe a 2012 ma haka take, mai karatun injiniya ko haɗa magunguna sai ya ɗauki darussan fasaha tare da nasa. Mai hankali zai tambaya, a ƙasar da talaka yake neman gurasa, mene ne amfanin koya wa ɗan manomi haɗa launi? Amsar da na samu, bayan na ga yaran suna aiki shiru kowa ya duƙufa a kan takardarsa, ita ce talauci ba aljihu kaɗai yake ci ba, yana cin ido ma, har mutum ya saba da mummuna, ya daina ganin bola a ƙofar gidansa, ya daina jin ciwon aikin da aka yi rabi da rabi. Wanda kuwa aka koya masa tun yana ƙarami ya lura da bambancin launi da launi, ya ja layi ya miƙe, ya goge ya sake har ya yi kyau, to, an dasa masa wani abu da ba zai yarda da ha'inci a aiki ba idan ya girma. Wannan shi ne itƙani da ihsani waɗanda addininmu ya yi umarni da su a kan kowane abu, har a kan yanka dabba, kuma su ne kakanninku suka sani lokacin da magini yake ƙawata fuskar soro da zane, mai rubutun allo yake yi wa saukar almajiri zayyana, maɗinki yake kwashe watanni a kan aska takwas ta riga guda. Maganar kayan kiɗa kuwa, malamai sun yi saɓani a kanta tun dā, kowa ya bi abin da malaminsa ya tabbatar masa da hujja. Abin da babu saɓani a kansa shi ne Musulmi ba ya zama cikin ƙazanta da rashin tsari ya kira wannan zuhudu.

Akwai wata al'ada tasu da nake so ku sani. Kowace safiya, kafin a fara aiki, ma'aikatan kowane sashe sukan tsaya su yi da'ira, manaja da direba da mai shara kafaɗa da kafaɗa, ba wanda yake gaba ba wanda yake baya, kowa ya faɗi a taƙaice abin da ya yi jiya da abin da zai yi yau. Ranar Alhamis kuma, ƙarshen makon aiki, a yi babbar da'ira ta kowa da kowa. A ƙasar da leburan gona ya saba sunkuyar da kai a gaban mai gona, tsayawar mutum ya ɗaga murya a gaban jama'a ya ce ga aikina, a kuma saurare shi, ba ƙaramin abu ba ne. Muhasaba ce a bayyane, kuma karramawa ce. Mu muna da sahun salla sau biyar a yini, inda sarki da talaka suke haɗa ƙafa, amma sau da yawa da an yi sallama sai daidaiton ya tsaya a ƙofar masallaci tare da takalma, maigida ya koma yana kiran yaron shagonsa da sunan da ba zai so a kira ɗansa da shi ba. Wanda Allah ya ba shi shugabanci a cikinku, ko na mutum uku ne, ya tambayi kansa ko waɗanda suke ƙarƙashinsa suna da wurin da za su yi magana a ji. Haka kuma yaran da talauci ya tilasta wa iyayensu tura su tsinkar furen babunaj, mutanen Sekem ba su kore su don su wanke hannunsu daga zargi ba, ba su kuma ci guminsu sun yi shiru ba. Sun rage musu aikin ya zama mai sauƙi na wani yanki na yini, sauran yinin karatu da abinci da duba lafiya, suka kuma buɗe asibiti a 1996 wanda ƙauyukan kewaye suke amfana da shi.

Kada ku ɗauka an yi duk wannan cikin lumana, kada kuma ku ɗauka ina kiranku ku karɓi dukan abin da ke can ido rufe. Dakta Ibrahim ya ɗauko hanyar nomansa ne daga koyarwar wani masani ɗan Ostiriya mai suna Rudolf Steiner, wanda ya gabatar da laccocinsa a kan noma a 1924, kuma a cikin wannan koyarwa akwai abin da hankali da jarrabawa suka tabbatar, kamar haɗa taki da juya amfanin gona da haɗa kiwo da noma a wuri guda, akwai kuma abin da ya rataya ga falsafar mutumin game da ruhi da taurari, kamar cusa kashin saniya a cikin ƙaho a binne shi tsawon hunturu, da duban matsayin wata da taurari kafin shuka, da wasu aƙidodi waɗanda Musulmi ba zai ɗauke su ba. Saboda haka, da kuma sunan wurin da aka ɗauko daga harshen Misrawan dā, aka taɓa yaɗa cewa mutanen Sekem masu bautar rana ne, aka rubuta a jarida, aka faɗa a kan mumbarin Juma'a, ma'aikata suka shiga tsoro. Dakta Ibrahim ya ba da labari a littafin da ya rubuta a kan rayuwarsa cewa bai rama da zagi ba. Gayyatar shehunan yankin da manyan gari ya yi, aka buɗe zama da karatun Alƙur'ani, ya yi musu bayanin aikinsa a kan ayoyin da suke magana a kan ƙasa da ruwa da tsiro da amanar da aka ɗora wa ɗan Adam, ya nuna musu halittun da ke cikin ƙasa mai rai, har suka tashi da fahimta. Darasi biyu ne a nan, kuma ina so ku riƙe su tare, kada ku saki ɗaya. Na farko, hikima abin neman mumini ce duk inda ya same ta, amma sai ya tankaɗe ta da ilmi, ya ɗauki gari ya zubar da tsaki, wanda kuwa bai san aƙidarsa da kyau ba ba shi da rariyar tankaɗewa, saboda haka ku fara da karatun tauhidi kafin ku shiga falsafar kowa. Na biyu, jefa wa mutum kalmar shirka ko kafirci a kan jita-jita, ba tare da an je an gani an tambaya ba, zunubi ne mai girma wanda ya yawaita a zamaninku, yanzu da kowa yake da mumbari a cikin wayarsa. Da an bi son zuciyar masu yaɗa maganar nan, da an rufe wurin da daga baya mutane kimanin 2,000 suke cin abinci a cikinsa.

Albarkar haƙurin nan ba ta tsaya a cikin shingen gonar ba. A wancan zamani gwamnatin Masar takan sa jiragen sama su yi ta fesa maganin ƙwari a kan gonakin auduga sau da yawa a kowace shekara, gubar tana sauka a kan ƙauyuka da magudanan ruwa da dabbobi, har ta soma bayyana a cikin ganyayen magani na Sekem da ba a taɓa fesa musu kome ba. A farkon shekarun 1990 mutanen Sekem suka nuna wa ma'aikatar gona, a kan filayen gwaji, cewa ana iya noma auduga ta yi kyau ba da guba ba, ta hanyar tarkuna masu ɗauke da ƙanshin macen ƙwaro waɗanda suke ruɗar mazan, tare da kula da lafiyar ƙasa. Gwamnati ta gamsu, ta dakatar da feshin jiragen, yawan gubar da ake zuba wa auduga a ƙasar ya ragu da kusan kashi 90 cikin 100. A 2003 aka ba Dakta Ibrahim da jama'arsa lambar yabo ta Right Livelihood a ƙasar Suwidin. Wannan lambar ce aka ba Yakuba Sawadogo na Burkina Faso a 2018, manomin da ya raya ƙeƙasasshiyar ƙasa da ramukan da yake cikawa da taki, aka kuma ba Tony Rinaudo a shekarar, saboda aikin da ya fara tare da manoman Maraɗi tun shekarun 1980, inda aka daina tumɓuke tohon kututture a gona, aka riƙa zaɓen reshe mai ƙarfi ana yi masa aski ana barinsa ya girma, abin da ya mayar da gawo da kalgo da sabara a kan miliyoyin hekta a jihohin Maraɗi da Damagaram. Na kawo wannan ne don kada wani a cikinku ya ce raya ƙasa sai mai digirin Turai da jari. Iyayenku manoma sun yi shi da lauje da wuƙa, kuma gawon da suka bari, mai zubar da ganye da damina ya bar gero ya sha rana, shi ke ciyar da ƙasar da dabbobin da rani.

Akwai abu guda da ya hana zuciyata sakewa gaba ɗaya a can, ba zan ɓoye muku shi ba, shi ne ruwa. Dakta Ibrahim ya rasu a 2017, Allah ya jiƙansa ya gafarta masa, ɗansa Hilmi ya ci gaba da aikin, kuma tun kafin rasuwarsa sun buɗe sababbin gonaki a Sina'i da Minya da kuma Wahatul Bahariyya a cikin hamadar yamma. Ruwan da ake shayarwa da shi a irin wannan wuri na ƙarshe daga ƙarƙashin ƙasa ake jawo shi, daga taskar da ta taru tun dubban shekaru lokacin da Sahara take samun ruwan sama, taskar da Masar da Libiya da Sudan da Chadi suke tarayya a kanta, kuma abin da aka ɗiba ba ya komawa sai ɗan kaɗan. Suna ƙoƙarin tsimi, suna jawo ruwan da hasken rana, ƙasa mai taki kuma ba ta shan ruwa kamar rairayi tsura; duk da haka amana ce ta waɗanda ba a haifa ba tukuna, kuma shari'ar da ta kwaɗaitar da raya ƙasa ita ce ta hana israfi a alwala ko da mutum yana bakin kogi mai gudu, ita ce ta sanya wa rijiya harimi don kada maƙwabci ya haƙa kusa ya janye mata ruwa. Ku da kuke ganin yadda ake huda rijiyoyin burtsatse a kowane gida a biranenmu, ba mai lissafin abin da ya rage a ƙasa, rijiyoyin unguwa na dā kuwa suna ƙafewa ɗaya bayan ɗaya, wannan mas'ala taku ce, kuma tana buƙatar waɗanda suka haɗa ilmin fiƙihu da ilmin ƙasa da ruwa a ƙirji guda, irin malaman da har yanzu ba mu da su da yawa.

Ga waɗanda suke karatu a Azhar ko wata makaranta a Alƙahira daga cikinku, wurin ba shi da nisa, kuma suna karɓar baƙi idan an nemi izini tun da wuri. Ku je da sassafe don ku riski da'irar ma'aikata, ku roƙi a kai ku wurin taki kafin a kai ku ɗakin baƙi, ku sa hannu a cikin tarin ku ji zafinsa, ku tambayi masu aikin kwana nawa suke yi kafin su juya shi da yawan ruwan da suke sa masa, ku tambayi zurfin rijiyoyinsu a yau da zurfinsu a dā, ku rubuta amsar a littafi. Idan kun dawo gida hutu, ku zauna da tsofaffin manoman garinku ku gwada abin da kuka rubuta da abin da suka sani, domin ƙasar Bilbes daban, ƙasar Gumel ko Tasawa daban, kuma su ne suka san wace gona ce take karɓar taki kafin ruwan farko, wace ce kuma sai bayan shuka ta tsiro.